Janani Luwum: Yadda Tunawa Da Magabata Ke Haifar Da Jarumtaka

A kowace shekara, idan ranar 16 ga watan Fabrairu ta zagayo, akan rufe ofisoshin gwamnati da makarantu a ƙasar Yuganda, jama'a masu ɗimbin yawa kuma su yi tururuwa zuwa wani ƙauye mai suna Mucwini da ke gundumar Kitgum, can arewacin ƙasar, ba nesa da iyakarta da Sudan ta Kudu ba. Abin da ke kai su shi ne kabarin Janani Luwum, Akbishop na cocin Angilika, wanda gwamnatin Idi Amin ta kashe a irin wannan rana cikin shekarar 1977, sannan ta sanar wa duniya cewa haɗarin mota ne ya yi ajalinsa. Masu iya magana kan ce kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Amma tarihin wannan bawan Allah ya nuna cewa akwai wata irin tunawa da ba ta da alaƙa da daɗi ko rashinsa, wato tunawar da ke ɗora wa mai yin ta nauyi, ta kuma ba shi ƙarfin zuciyar ɗaukar nauyin. Irin wannan tunawa ce ta reni Luwum, ita ce kuma ya bar wa na bayansa gado.

An haifi Janani Luwum a farkon shekarun 1920 a cikin ƙabilar Acholi. Ya yi karatun horon malanta, ya kuma fara rayuwarsa a matsayin malamin makarantar firamare. A watan Janairun 1948 ne al'amuransa suka sauya, lokacin da ya saurari wa'azin 'yan wata ƙungiyar farkawa ta Kirista da ake kira Balokole, ma'ana waɗanda aka ceta, wadda ta taso a gabashin Afirka cikin shekarun 1930. An san 'yan wannan ƙungiya da wata ɗabi'a mai wuya: mutum ya miƙe a bainar jama'a ya faɗi laifinsa da bakinsa, ya mayar da abin da ya taɓa cinyewa na wani, ya kuma daina rufa-rufa ko da a kan shugabannin cocinsa ne. A wannan makaranta Luwum ya koyi cewa faɗin gaskiya ibada ce, kuma da kai ake farawa kafin a kai ga wani. Daga nan ya shiga kwalejin horar da limaman coci ta Buwalasi, ya ƙaro ilimi a Ingila, ya dawo ya shugabanci kwalejin da ta yaye shi. A 1969 aka naɗa shi Bishop na Arewacin Yuganda a garin Gulu, sannan a 1974 aka zaɓe shi Akbishop mai kula da cocin Angilika a Yuganda da Ruwanda da Burundi da yankin Boga na ƙasar Zayar, ya gaji Erica Sabiti.

Kafin mu shiga labarin arangamarsa da Idi Amin, ya kamata mai karatu ya san irin tarihin da kowane Kiristan Yuganda ke tashi da shi tun yana yaro. Tsakanin 1885 da 1887, Sarkin Buganda, Kabaka Mwanga na Biyu, ya sa an kashe Kiristoci 45 da tarihi ya riƙe sunayensu, 22 'yan Katolika, 23 'yan Angilika, akasarinsu samari ne masu hidima a fadarsa, saboda sun ƙi barin addininsu, sun kuma ƙi yi masa biyayya a kan abin da suka ɗauka saɓon Allah ne. An ƙona da yawa daga cikinsu da ransu a Namugongo ranar 3 ga Yuni, 1886. A watan Oktoban 1885 ma, bisa umarnin wannan sarki aka kashe Bishop James Hannington a kan hanyarsa ta shiga ƙasar. Abin lura kuma shi ne, tun a shekarun 1870 mahaifin Mwanga, wato Kabaka Mutesa na Ɗaya, ya hallaka matasa Musulmi da dama saboda sun ƙi bin umarninsa a kan abin da suka ga ya saɓa wa addininsu. Ke nan duka addinan biyu sun kafu a ƙasar ne a kan jinin mutanen da suka ce wa sarki a'a. A 1964 Paparoma Paul na Shida ya sanya shahidan Katolika 22 cikin jerin tsarkaka, ranar 3 ga Yuni kuma ranar hutu ce a Yuganda, inda masu ziyara ke takawa da ƙafa daga nesa, har daga ƙasashe maƙwabta, zuwa Namugongo.

Wannan ɗabi'a ta riƙe sunayen magabata tana da tushe a cikin addinin Kirista kansa. Babbar ibadar da mabiya ke taruwa a kanta, wato Jibin Ubangiji, an kafa ta ne domin tunawa da mutuwar Yesu Almasihu kamar yadda Kiristoci suka gaskata. A cikin Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa kuma, sura ta 11 kacokan jerin mutanen da suka jure wahala ne saboda bangaskiyarsu, kuma manufar jero su ita ce mai karantawa ya ji kunyar ja da baya alhali waɗancan sun tsaya. Saboda haka ga mutum irin Luwum, labarin samarin Namugongo ya wuce tatsuniyar da ake ba yara ranar Lahadi. Ma'auni ne da zai auna kansa da shi duk ranar da nasa Kabakan ya bayyana.

Ya kuwa bayyana. Ranar 25 ga Janairu, 1971, Janar Idi Amin ya hamɓarar da gwamnatin Milton Obote yayin da shi Oboten ke halartar taron ƙasashe renon Ingila a Singafo. Cikin 'yan watanni aka fara karkashe sojoji 'yan ƙabilun Acholi da Lango a barikoki, bisa zargin cewa magoya bayan Obote ne. A 1972 aka kori dubun dubatar 'yan asalin nahiyar Asiya, aka ba su wa'adin kwana 90 su fice. A watan Satumban wannan shekarar aka shiga har harabar babbar kotu aka yi awon gaba da Alƙalin Alƙalai Benedicto Kiwanuka, ba a sake ganinsa ba. Haka aka yi wa Frank Kalimuzo, shugaban Jami'ar Makerere, da Joseph Mubiru, tsohon gwamnan babban bankin ƙasar. A Janairun 1973 aka kashe Shaban Nkutu, tsohon minista kuma fitaccen Musulmi. Wata hukumar leƙen asiri da aka laƙaba wa suna Ofishin Binciken Ƙasa, mai hedkwata a unguwar Nakasero a birnin Kamfala, ta zama inda ake shiga ba a fitowa. Ƙididdigar da aka fi ambatawa ta waɗanda suka rasa rayukansu a shekaru takwas na wannan mulki ita ce kimanin mutum 300,000.

Duniya ba ta rasa sanin abin da ke faruwa ba. A 1974, sakamakon matsin lamba, Amin da kansa ya kafa kwamitin binciken ɓacewar mutane a ƙarƙashin Mai Shari'a Mohammed Saied. Kwamitin ya yi aikinsa da gaske, ya tattara bayanai a kan mutum 308 da suka ɓace, ya kuma ɗora alhakin da yawa daga ciki a kan jami'an tsaro. Gwamnati ta ƙi wallafa rahoton. Shekara guda bayan haka, a watan Yulin 1975, shugabannin Afirka suka hallara a Kamfala domin taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, suka kuma miƙa wa Amin shugabancin ƙungiyar. 'Yan Nijeriya ba za su manta da wannan taro ba, domin a zaurensa ne labari ya iske Janar Yakubu Gowon cewa an kifar da gwamnatinsa a Legas. Julius Nyerere na Tanzaniya na cikin 'yan ƙalilan da suka ƙaurace wa taron, gwamnatinsa kuma ta fito fili ta ce shirun da Afirka ke yi a kan kisan 'yan Afirka a Yuganda abin kunya ne. Sauran suka fake da ƙa'idar rashin tsoma baki a harkokin cikin gidan wata ƙasa.

A irin wannan yanayi, shugaban addini na da hanyoyi uku masu sauƙi: ya yi shiru ya tsira da muƙaminsa, ya tsere ya yi magana daga waje, ko ya koma ɗan amshin shatan gwamnati. Luwum ya ɗauki ta huɗu, wadda ta fi su duka wahala. Ya zauna a ƙasar, ya ci gaba da hulɗa da shugaban ƙasa, ya kuma yi amfani da wannan hulɗa wajen neman mutanen da aka kama. Matan da aka ɗauke mazajensu da iyayen da 'ya'yansu suka ɓace sukan yi layi a ofishinsa da ke tudun Namirembe, shi kuma ya shiga mota ya nufi ofisoshin jami'an tsaro, har da wancan na Nakasero, yana tambayar ina wane, wane laifi ya yi. Wani lokaci ya dawo da mutum, sau da yawa kuma ya dawo hannu rabbana. Wannan hali ya jawo masa suka daga cikin mabiyansa, waɗanda ke ganin halartar bukukuwan gwamnati da yake yi tamkar wanke ta ne. Amsar da ya riƙa bayarwa ita ce ya san a kowace rana ana iya zuwa a ɗauke shi, amma muddin ƙofa na buɗe zai shiga ya faɗa wa shugaban ƙasa abin da coci ba ta yarda da shi ba, kuma zuciyarsa ba ta tuhumarsa da goyon bayan zalunci.

A nan ne ya kamata a gyara wata fahimta da ta yaɗu a wasu ƙasashen waje, wadda ke ɗaukar al'amarin a matsayin faɗa tsakanin shugaba Musulmi da limamin Kirista. Gaskiya ne Amin Musulmi ne, kuma ya yi amfani da sunan addini wajen neman tallafi daga waje. Amma mun ga sunan Shaban Nkutu cikin waɗanda aka kashe, mun kuma ga cewa alƙalin da ya bankaɗo ɓacewar mutane sunansa Mohammed. Bugu da ƙari, a watan Agustan 1976, bayan sojoji sun afka wa ɗaliban Makerere, shugabannin Angilika da na Katolika da na Musulmi sun zauna tare a Lweza, Luwum na jagorantar zaman, suka tattauna halin taɓarɓarewar tsaro da kashe-kashen da ake yi. Labarin wannan zama ya fusata Amin ƙwarai, domin ba abin da azzalumi ke tsoro kamar ya ga masu wa'azin addinai daban-daban sun haɗa baki a kan cewa ran ɗan Adam ba abin wasa ba ne.

Da tsakar daren 5 ga Fabrairu, 1977, sojoji suka dira gidan Akbishop. Sun tasa wani mutum da suka riga suka azabtar a gaba domin ya ƙwanƙwasa ƙofa yana neman taimako, da Luwum ya buɗe sai suka kutsa da bindigogi, suka ce makamai suke nema. Suka birkice gidan ba su sami komai ba. Bayan 'yan kwanaki bishop-bishop na cocin suka taru suka rubuta wa shugaban ƙasa doguwar wasiƙa mai ɗauke da kwanan wata 10 ga Fabrairu, kowannensu ya sa hannu. Cikin ladabi, amma ba tare da kwana-kwana ba, suka shaida masa cewa bindigar da aka saya domin kare ɗan ƙasa ta koma abin kashe shi da ƙwace dukiyarsa, cewa jami'an leƙen asiri na kama mutane su hallaka su ba tare da shari'a ba, cewa masu ilimi na gudu daga ƙasar, kuma idan har za a iya shiga gidan Akbishop da bindiga cikin dare, to babu wanda ya tsira. Luwum bai aika wasiƙar ta hannun ɗan saƙo ya koma gefe ba. Ya tsaya a kanta da sunansa, ya kuma amsa kiran Amin ya je gabansa, duk da cewa na kusa da shi sun roƙe shi ya bar ƙasar. Hujjarsa ita ce makiyayi ba ya gudu ya bar garke, kuma gudunsa zai zama tamkar amsa laifin da bai aikata ba.

Ranar 16 ga Fabrairu aka kira shugabannin addinai da jakadu da manyan jami'an gwamnati zuwa harabar otal ɗin Nile Mansions, daura da zauren da aka yi wancan taro na shugabannin Afirka. Aka baje makamai a ƙasa, aka tara sojoji, aka sa wasu fursunoni suka karanta takardar da ke cewa Obote ne ya turo makaman kuma da hannun Akbishop a ciki. Da aka tambayi sojojin me za a yi da maciya amana, sai suka amsa da ihu cewa a kashe su. Da yamma aka sallami sauran bishop-bishop ɗaya bayan ɗaya, aka ce Luwum ya tsaya shugaban ƙasa na son ganinsa. Bishop Festo Kivengere, wanda ke tare da shi a wurin, ya ba da labarin cewa Luwum ya juyo ya faɗa masa cewa kashe shi za su yi, kuma ba ya jin tsoro. An tafi da shi tare da ministoci biyu, Charles Oboth Ofumbi na harkokin cikin gida da Erinayo Oryema, wanda ya taɓa zama Sufeto Janar na 'yan sanda. Washegari gidan rediyon gwamnati ya sanar da cewa mutanen uku sun mutu a haɗarin mota yayin da suke ƙoƙarin fin ƙarfin direban da ke kai su wurin bincike.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Gwamnati ta hana iyalinsa gawar, sojoji suka ɗauke ta cikin rufaffen akwati zuwa Mucwini domin a binne a ɓoye. Amma mutanen ƙauyen sun buɗe akwatin, suka ga raunukan harsashi a jikinsa, suka kuma riƙe abin da suka gani. Ministan lafiya na lokacin, Henry Kyemba, ya tsere daga ƙasar cikin wannan shekarar, ya wallafa littafi inda ya tabbatar da cewa harbe mutanen uku aka yi. A Kamfala kuwa, an riga an haƙa wa Akbishop kabari a harabar babban cocin Namirembe, kusa da na Bishop Hannington. Ranar Lahadi 20 ga Fabrairu, duk da hanin da hukuma ta yi, dubban mutane suka cika tudun, suka tsaya a bakin kabarin da babu kowa a ciki, suna rera waƙoƙin da ake dangantawa da shahidan 1886. Ga Kirista, kabarin da babu gawa a ciki yana tuna masa da tashin Almasihu daga matattu, wanda shi ne ginshiƙin bangaskiyarsa. Da haka gwamnatin da ta ɓoye gawa domin ta kashe maganar ta miƙa wa jama'a wa'azin da ya fi kowane ƙarfi. A watan Yunin wannan shekarar cocin ta yi bikin cika shekara 100 da isowar masu bishara na farko a 1877, ba tare da shugaban da ya tsara bikin ba.

Masana tarihi da dama na kallon wannan kisa a matsayin mafarin ƙarshen mulkin Amin. Taron ƙasashe renon Ingila da aka yi a Landan a Yunin 1977 ya yi Allah wadai da take haƙƙin ɗan Adam a Yuganda, a 1978 Amurka ta haramta ciniki da ƙasar, a ƙarshen wannan shekarar kuma Amin ya yi kasadar mamaye yankin Kagera na Tanzaniya. Sojojin Nyerere tare da 'yan Yuganda masu gudun hijira suka kore shi, birnin Kamfala ya faɗi ranar 11 ga Afrilu, 1979. Ya gudu Libiya, daga baya ya koma Saudiyya, inda ya mutu a Jidda cikin watan Agustan 2003 ba tare da ya taɓa gurfana gaban kotu ba.

To amma ba kowace tunawa ce ke haifar da alheri ba, kuma Yuganda ta ɗanɗana nau'o'in biyu. Bayan faɗuwar Amin, wasu sun huce haushinsu a kan Musulmin da ba su ji ba ba su gani ba, musamman a yankin Ankole cikin 1979, haka kuma mutanen yankin Yammacin Nilu, mahaifar Amin, sun sha ramuwar gayya daga sababbin sojoji. Wannan ita ce tunawar da ke ƙirga gawarwakin ɓangare ɗaya kawai, ta kuma nemi biyan bashi a wurin wanda bai ci ba. A ɗaya gefen akwai Bishop Kivengere, wanda ya tsallaka duwatsu da ƙafa zuwa Ruwanda bayan kisan abokinsa. A 1977 ya fitar da ɗan littafi mai taken da ke nufin yana ƙaunar Idi Amin, abin da ya girgiza mutane da yawa. Bai ɓoye ko ɗaya daga laifuffukan Amin ba, ya dai ce addininsa ya wajabta masa yafewa, kuma ƙiyayya za ta cinye mai ɗauke da ita kafin ta taɓa wanda ake ƙi. Akwai kuma John Sentamu, matashin lauya da ya sha duka a hannun jami'an Amin ya tsere Ingila a 1974. Ya sha faɗin cewa kisan Luwum ne ya sa ya ƙudura zai maye gurbinsa a aikin coci. Shi ne ya zama Akbishop na Yok daga 2005 zuwa 2020, muƙami na biyu mafi girma a cocin Ingila.

Babban gwajin wannan gado ya zo ne a ƙasar Acholi kanta. Daga ƙarshen shekarun 1980, 'yan tawayen Joseph Kony, waɗanda ke fakewa da sunan Ubangiji, suka shafe kusan shekara 20 suna sace yara suna yanka mutane, har fiye da mutum miliyan ɗaya da rabi suka koma zaman sansanoni. A watan Yulin 2002 suka kashe mutum 56 a Mucwini, garin da Luwum ke kwance. A tsakiyar wannan bala'i ne, a ƙarshen shekarun 1990, shugabannin addinai na Acholi suka kafa ƙungiyar neman zaman lafiya wadda ta haɗa Bishop Macleord Baker Ochola na Angilika, wanda nakiya ta kashe matarsa a 1997, da Akbishop John Baptist Odama na Katolika, da Sheikh Musa Khalil na al'ummar Musulmi. Sun shiga daji ba makami sun gana da 'yan tawaye, sun matsa wa gwamnati ta yi dokar afuwa, wadda aka zartar a 2000, sun kuma faɗa wa sojojin gwamnati nasu laifin. A 2003 suka kwana a titin Gulu tare da dubban yaran da ke tururuwa cikin gari kowane dare domin gudun sacewa, abin da ya jawo hankalin duniya ga halin da yaran ke ciki. Duk wanda ya san zaman Lweza na 1976 zai gane inda aka samo wannan salo.

Karramawa ta biyo baya. A watan Yulin 1998 aka buɗe mutum-mutumin shahidan Kirista goma na ƙarni na 20 a saman ƙofar yamma ta babban cocin Wesminista da ke Landan, Luwum na tsaye a jere ɗaya da Martin Luther King na Amurka da Oscar Romero na Salbado da Dietrich Bonhoeffer na Jamus. A 2015, a wajen taron tunawa da shi a Mucwini, Shugaba Yoweri Museveni ya ayyana 16 ga Fabrairu a matsayin ranar hutu ta ƙasa, aka fara kiyaye ta a 2016. Sai dai a nan ma akwai abin tsoro. Gwamnatoci sun fi son jarumin da ya mutu a kan mai rai, domin mamaci ba ya rubuta wasiƙa. Abu ne mai sauƙi manyan jami'ai su zauna a rumfa su yaba wa mutumin da ya tambayi ina aka kai waɗanda aka kama, alhali ana ci gaba da yi musu irin wannan tambaya a kan 'yan adawar zamaninsu. Har yanzu kuma akwai masu kare Amin da ke cewa da gaske Luwum na da hannu a shirin juyin mulki. Amsar wannan a fili take: idan akwai hujja, kotu ce wurin baje ta. Gwamnatin da ta tabbata da gaskiyarta ba ta buƙatar ƙirƙirar haɗarin mota, ba ta kuma buƙatar rufe akwatin gawa.

Mai karatu, ko kai Kirista ne ko Musulmi, akwai abin da ya shafe ka a wannan labari, musamman idan kana riƙe da alƙalami a wani ofis. Ƙaryar haɗarin mota ba ta tashi da ƙafarta ba. Sai da wani ya rubuta sanarwar, wani ya karanta ta a rediyo, wani ya jera motocin da aka ɗauki hotonsu, wani kuma ya buga hoton a jarida. Dukkansu masu ilimi ne, kuma kowannensu na da iyali da albashi da dalilin yin shiru. Waɗanda suka ceci gaskiya su ne alƙalin da ya rubuta rahoton da ya san ba za a so shi ba, da limaman da suka sa hannu a wasiƙa da sunayensu, da ƙauyawan da suka buɗe akwati. Jarumtakar Luwum ma ba a ranar 16 ga Fabrairu ta fara ba. Ta taru ne daga shekarun da ya yi yana zirga-zirga tsakanin ofisoshin tsaro saboda 'ya'yan talakawan da ba wanda ya san sunayensu, ta yadda da babbar rana ta zo, ƙafarsa ta riga ta saba da hanyar.

Waiwaye adon tafiya ne, in ji Hausawa, amma ga al'ummar da ta san abin da take waiwaya, guzuri ne. Mutanen Yuganda sun koya wa 'ya'yansu sunayen samarin da suka ƙi bin sarki a kan saɓo, bayan shekara 90 kuma aka sami wanda ya yi koyi da su a gaban bindiga, bayansa aka sami waɗanda suka kwana a titi saboda yaran wasu. Ya rage ga kowace al'umma ta duba sunayen da take yawan ambata a gaban yaranta, na waɗanda suka tara ne ko na waɗanda suka tsaya, domin daga cikin waɗannan sunaye ne yaran za su zaɓi wanda za su zama ranar da aka miƙo musu takardar ƙarya aka ce su sa hannu. Allah Ya ba mu shugabanni masu jin gaskiya, Ya kuma ba mu ƙarfin zuciyar faɗa musu ita.